Sassaucin harajin korona da bai kai Tozai ba

A daminar 2020, duk wanda ya kunna rediyo a Tozai da asuba zai ji ana zancen kuɗi. Yau a ce gwamnatin tarayya ta ware tiriliyan biyu da ɗoriya don farfaɗo da tattalin arziki, gobe a ce Babban Banki zai ba magidanta rance mai sauƙin ruwa, jibi a ce jihohi sun yafe wa 'yan kasuwa tarar jinkirin biyan haraji. Mai shayi yana zuba ruwan zafi, masu jiran shayi suna sauraro, kowa fartanyarsa a jingine da benci.

Da labarai suka ƙare, hira takan koma kan abin da ya fi damun su. Wace hanya ce ke biyuwa yau? An kwana lafiya a Gebe da Bafarawa? Gonakin da ke nesa da gari za su nomu bana, ko a haƙura da na bakin gari?

Tozai mazaɓa ce a ƙaramar hukumar Isa, a gabashin jihar Sakkwato, inda ƙasar Gobir ta haɗu da Zamfara ta wani gefe, Jamhuriyar Nijar kuma ba nisa ta ɗaya gefen. Shekarar da duniya ta rufe ƙofofinta saboda korona, ita ce shekarar da wannan yanki ya fara gane cewa harajin da zai riƙa biya nan gaba ba a Sakkwato ko Abuja za a yanka shi ba.

Annobar ta iske baitulmali a rame

Korona ta shigo Najeriya a ƙarshen watan Fabrairun 2020, ta Legas. Makonni huɗu kafin nan, a ranar 1 ga Fabrairu, sabon harajin VAT ya fara aiki, ya tashi daga kashi 5 cikin ɗari zuwa kashi 7.5. An gina kasafin wannan shekara, na naira tiriliyan goma da rabi, a kan cewa gangar mai za ta tsaya a dala 57. Zuwa watan Afrilu gangar ta faɗi ƙasa da dala 20.

Daga nan aka shiga ɗinke-ɗinke. Ministar kuɗi Zainab Shamsuna Ahmed ta kai wa majalisa sabon kasafi, aka sauke farashin gangar zuwa dala 28, Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a watan Yuli. Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ba da rancen gaggawa na dala biliyan 3.4. Kwamitin Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya fito da shirin naira tiriliyan 2.3. Naira ta karye daga wajen 306 zuwa 360 a kan dala, ta ƙara karyewa kafin shekarar ta ƙare. Gwamnati ta dinga ciwo bashi daga Babban Banki, bashin da ya haura tiriliyan 22 zuwa ƙarshen 2022.

A cikin wannan gyaran kasafi akwai abin da ya ba mutane mamaki. Asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda dokar lafiya ta 2014 ta ce a ba shi kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya, an sauke shi daga wajen naira biliyan 44 zuwa biliyan 25 da 'yan kai. Jami'ai sun ce ba da gangan ba ne, tunda asusun kaso ne, in kuɗin shiga ya ragu dole ya ragu. Lissafin daidai ne. Sai dai wannan asusu shi ne wanda aka kafa domin irin ɗakin shan maganin da ke ƙauye, kuma ana tsakiyar annoba aka rage shi, a ƙasar da tun yarjejeniyar Abuja ta 2001 ta yi alkawarin ba lafiya kashi 15 na kasafinta amma take yawo a wajen kashi biyar.

Wa aka yi wa sassaucin?

Sassauci kam an yi, ba ƙarya. Hukumar tara haraji ta tarayya ta ƙara wa kamfanoni wa'adin miƙa takardu, ta yafe tara da ruwa ga masu tsohon bashi, ta ce a biya ta intanet. An cire kuɗin fito a kan kayan asibiti. Bankin Duniya ya sa wa jihohi sharaɗi: wadda ta gyara kasafinta kuma ta sanar da rangwamen haraji kafin ƙarshen Satumban 2020 za ta samu tukuici da dala. Kusan duk jihohi suka yi layi. Gwamnatin Sakkwato ta Aminu Waziri Tambuwal ma ta zaftare kasafinta na kimanin naira biliyan 200. Dokar kuɗi ta ƙarshen wannan shekara ta cire masu karɓar mafi ƙanƙantar albashi daga harajin albashi.

To amma a duba da kyau. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana buƙatar mutum ya kasance a rubuce a wani littafi. Ko yana da kamfani mai rajista, ko yana karɓar albashi, ko yana da lambar biyan haraji. Manomin gero da wake a Tozai, da mai saye da sayar da awaki tsakanin Isa da Shinkafi, da matar da ke soya ƙuli-ƙuli a cikin gida, babu ɗayansu a waɗannan littattafai. Wanda ba ka taɓa rubuta masa takardar haraji ba, me za ka yafe masa?

Tallafin ma ta wannan ƙofa ya bi. Rancen naira biliyan 50 na Babban Banki ta bankin NIRSAL aka raba shi, kuma sai ka cika fom a intanet, da lambar BVN, da asusun banki. A yankin da mutum zai yi tafiya mai nisa kafin ya ga reshen banki, yawancin waɗanda suka iya nema ma'aikata ne da 'yan boko na cikin gari, sai masu ɗa ko ƙane a birni da zai cika musu. Naira dubu 20 da ma'aikatar jinƙai ta Sadiya Umar Faruk ta raba sai ga wanda sunansa ya riga ya shiga rajistar marasa ƙarfi. Aikin wucin gadi na mutum dubu a kowace ƙaramar hukuma, naira dubu 20 a wata har wata uku, bai ma soma ba sai a farkon 2021, kuma mutum dubu a ƙaramar hukuma mai mutum sama da dubu ɗari biyu ba sai an faɗa ba. Kayan abincin da attajirai irin su Aliko Ɗangote suka tara wa kuɗi kuwa, mutane da yawa a ƙasar nan ba su san da su ba sai a watan Oktoba, da aka ga ana fasa rumbunan ajiya a garuruwa daban-daban ana kwasa.

Harajin da ba a ba da rasit

Kuskure ne a ce mutumin Tozai ba ya biyan haraji. Yana biya, ba ya dai ganin takarda. Gwamnati takan ce kayan abinci na yau da kullum ba su cikin VAT, kuma haka ne. Amma katin waya yana ciki, sabulu yana ciki, kwanon rufi da siminti da kayan gyaran babur duk suna ciki. Ranar kasuwa akwai kuɗin rumfa, akwai abin da ake karɓa a kara a kan kowace dabba, akwai na 'yan kamasho a tasha. A hanya kuma akwai shingaye, waɗanda suka ƙaru lokacin da aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi daga ƙarshen Afrilu zuwa farkon Yuli. Duk direban da ya ɗauki albasa zuwa Kudu a lokacin ya san dokar ba ta tsayar da motoci ba, tsada kawai ta ƙara wa wucewa.

Sai man fetur. A watan Maris an sauke shi daga naira 145 zuwa 125, mutane suka ɗan yi murna. Zuwa Satumba ya kai wajen 160, domin gwamnati ta ce ba ta da kuɗin tallafi. A wurin da babur shi ne motar asibiti, shi ne motar kasuwa, kuma injin ban-ruwa a fadamar Bunsuru da Rima da fetur yake aiki, wannan ƙari ya fi kowace dokar haraji saurin isa gida.

Iyaka kuma tun watan Agustan 2019 take rufe, kafin korona ta zo ta ƙara mata kwaɗo. Ba a buɗe iyakar Illela ba sai tsakiyar Disamban 2020. Ga Bagobirin Sabon Birni, Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji gida ne: can surukai suke, can ake kai hatsi a sayo dabba. Rufe iyaka bai hana shiga da fita ba, ya dai mayar da ciniki ta barauniyar hanya, inda kuɗin da a da zai shiga asusun kwastan ya koma aljihun masu tsare hanya. Kan farashin abinci ya hau, a farkon 2021 hauhawarsa ta haura kashi 20 cikin ɗari. 'Yan ci-ranin da suka saba aiko da kuɗi daga Legas da Fatakwal da Abuja kuwa kulle ya zaunar da su, wasu suka dawo gida hannu rabbana.

A tsallaken iyaka, Shugaba Mahamadou Issoufou ya ɗauke wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin wuta da ruwa na wata biyu. Shi ma mai mita a gida ne ya amfana, wato mutanen Yamai da Maraɗi da Damagaram. Ƙauyukan bakin iyaka na ɓangarorin biyu ba su da mita.

Waɗanda suka zo da nasu littafin

A ranar 27 ga Mayun 2020, kwanaki kaɗan bayan ƙaramar Salla, 'yan bindiga a kan babura suka afka wa Garki da Ɗan Aduwa da Kuzari da Katuma da Masawa a ƙaramar hukumar Sabon Birni. An kashe mutum sama da saba'in a yini ɗaya. Tun kafin nan, a watan Afrilu kaɗai, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mutum wajen dubu 23 sun tsallaka jihar Maraɗi daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, duk da an ce iyaka a rufe take.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi dacewa da sunan haraji. Zuwa 2021, ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni sun koma biyan kuɗi ga mutanen daji domin a bar su su kwana a gidajensu. Saƙo yakan zo ta waya, ko ta bakin wanda aka sace aka sako: garinku zai kawo kaza, nan da rana kaza. Daga dubu ɗari-ɗari har zuwa miliyoyi, gwargwadon girman gari. Sai dattawa su zauna a ƙofar gidan mai gari su kasa kuɗin a kan magidanta, mai hali ya ɗauki kaso babba, mara hali ya kawo abin da ya samu. A buɗe rumbu a auna gero, mata su fitar da akuya ko kwanukan jere, a buga wa ɗan da ke ci-rani waya. Wani lokaci akwai kuɗin shiga gona da fari, akwai na girbi daga baya, wani wurin ma har da aikin gayya na dole a gonakin 'yan bindigar.

Duk wanda ya san tsohon harajin En'e zai gane fasalin nan. A yanka wa gari jimla, mai gari ya kasa, magidanci ya biya, wanda ya gaza ya gudu. Bambancin kawai shi ne, na En'e yana da lokaci sau ɗaya a shekara, wannan kuwa mai karɓarsa yakan dawo duk sa'ad da ya ga dama, kuma in wata daba ta karɓa, ba lallai ne ta gaba ta mutunta biyan ba.

Cikin 'yan bindigar, sunan Bello Turji shi ya fi fitowa a wannan yanki. A ƙarshen 2021 an yi ta ruwaito cewa mutanensa sun kai ga naɗa nasu masu gari a wurare irin su Gangara, hukumomi suka musanta, amma ɗan majalisar jiha mai wakiltar Sabon Birni ta Arewa a lokacin, Aminu Boza, ya sha fitowa a kafafen labarai yana cewa jama'arsa biyan kuɗi suke yi. A watan Disamba na wannan shekara aka ƙone matafiya cikin mota a kusa da Gidan Bawa. A 2024 abin ya kai ga Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, wanda aka sace a hanya ya rasu a hannunsu.

Matakin da gwamnati ta ɗauka a Satumban 2021 ya ƙara yanke ɗan abin da ya rage. An katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar, an rufe hanyar Isa zuwa Marnona, an dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, an hana sayar da fetur a jarka. Manufar ita ce a shaƙe 'yan bindiga. Amma kasuwar dabbobi ita ce babbar hanyar kuɗin shigar ƙaramar hukuma, kuma ita ce bankin talaka. Mutumin da aka yanka wa kuɗin fansa, ga akuya a gida, babu inda zai sayar, babu wayar da zai kira ɗan'uwa.

Cutar da ta fi kisa ba ita ta samu kuɗi ba

Korona ta taɓa Sakkwato, ta fi yawa a cikin birni, ta ɗauki dattawa. A ƙauyukan gabas kuwa mutane da yawa ba su taɓa ganin wanda aka tabbatar yana ɗauke da ita ba, tunda gwajin ma a birni yake. Abin da suka gani da idonsu shi ne amai da gudawa. A 2021 kwalara ta kama mutum sama da dubu ɗari a Najeriya, ta kashe wajen dubu uku da ɗari shida, Sakkwato da Zamfara na cikin jihohin da ta fi yi wa ɓarna. Wannan adadi na shekara ɗaya ya zarce duk mutanen da hukuma ta rubuta cewa korona ta kashe a ƙasar tun farkonta har ƙarshe. Kafin nan, a 2017, sanƙarau ya kashe sama da mutum dubu, mafi yawa a wannan kusurwa ta Arewa maso Yamma.

Ba a yi wa kwalara sabon kasafi ba, ba a kafa mata gidauniyar attajirai ba. Maganinta kuwa sananne ne kuma mai araha: rijiyar burtsatse mai aiki, masai, ruwan gishiri da sukari, ma'aikacin lafiya da zai kwana a gari. Na ƙarshen shi ya fi wuya, domin ma'aikata da yawa sun bar ɗakunan shan magani na ƙauye saboda tsoron sata. Uwar da ɗanta ya rame saboda tamowa sai ta nemi hanyar Isa, ko ta tsallaka Shinkafi inda likitocin ƙungiyar MSF ke aiki, in hanyar ta biyu. A ƙasar da kusan kashi uku cikin huɗu na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa, gidan da ya sayar da akuya ya biya mutanen daji ba shi da ta sayarwa ranar da yaro ya kwanta.

Kowa da hujjarsa

Masu kare gwamnati suna da abin faɗa. Sukan ce Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi ƙarancin tara haraji a duniya, kuɗin da tarayya ta samu a 2020 mafi yawansa biyan bashi ya cinye, kuma jiha irin Sakkwato da kason Abuja take rayuwa, in mai ya faɗi ita ma ta faɗi. Sukan ƙara da cewa an riƙe albashi bai yanke ba, kuma albashin malamin makaranta a Isa gidaje da yawa yake ciyarwa.

Masu nazarin kasafi kuma sukan nuna wani wurin. A ka'ida ƙananan hukumomi na da kashi 20.6 na asusun tarayya da kashi 35 na VAT. Kuɗin Isa da na Sabon Birni bai daina fitowa daga Abuja ba ko wata ɗaya a lokacin annoba. Amma ta asusun haɗin gwiwa na jiha yake bi, kuma shekara da shekaru ana kukan cewa a jihohi da yawa abin da ke isa sakatariya bai wuce na albashi ba.

Jami'an tsaro su kuma sukan gargaɗi jama'a cewa duk naira da aka kai daji harsashi za ta zama. Gaskiya ne. Amsar da mutanen ƙauye ke bayarwa ita ce a ajiye musu soja a gari, su daina biya yau. Malamai da yawa na yankin suna kallon abin a matsayin larura, wadda ba a zargin wanda ta kama.

Akwai kuma masu tuna tarihi, kuma a ƙasar Gobir ba sai an je nesa ba. Kangon Alƙalawa yana nan kusa da Sabon Birni. Cikin buƙatu biyar da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya gabatar wa Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo a Magami har da sassauta wa talakawa haraji, kuma a Kitabul Farƙi ya lissafa jangali da kuɗin gari cikin zaluncin sarakunan zamaninsa. A 1979 Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke haraji da jangali, talakawa suka yi ta murna, kuma sun cancanci murnar. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, da kuɗin mai ya maye gurbin haraji, gwamnati ta daina buƙatar sanin magidanta nawa ne a Tozai, shanu nawa, buhu nawa aka girbe. Da annoba ta zo tana son raba tallafi, ba ta da jerin sunayen. Mutanen daji kuwa, da 'yan leƙen asirinsu a cikin gari, sun san wanda ya sayar da sa jiya.

Sababbin dokoki, tsohuwar hanya

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, amma aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji, bayan gwamnonin Arewa da sarakuna sun yi ta ja da batun rabon VAT. A ƙarshe an bar shi a kashi 7.5, an ƙara kason jihohi daga kashi 50 zuwa 55, an cire masu ƙaramin samu daga harajin albashi. Tun cire tallafin fetur a 2023 ma kuɗin da ake rabawa a Abuja kowane wata ya ƙaru ƙwarai a lissafin naira.

Sabon tsarin ya dogara ne a kan lambar shaidar ɗan ƙasa da asusun banki da wayar hannu, wato ƙofofin nan dai da rancen korona ya bi. Dubban mutanen Isa da Sabon Birni yanzu suna zaune a makarantu da kangaye a hedikwatar ƙaramar hukuma, ko a garin Sakkwato, ko a matsugunan Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori a jihar Maraɗi. Waɗanda ke can Nijar an yi musu rajista, an ɗauki sunan kowane mai gida da yawan iyalinsa, an ba su kati. Hukumar 'yan gudun hijira ce ta yi wannan aiki tare da gwamnatin Nijar.